Harajin kwanan baƙi a Tawa: a fara da rajista, a bambanta baƙunta da kasuwanci

Duk wanda ya ga Tawa a watan Disamba na 2017, lokacin bikin Tawa Sakola, ya san abin da ke faruwa idan baƙi suka fi ɗakunan otel yawa. Gidajen mutane ne suka ɗauki ragowar. Wasu sun sauki baƙi don Allah, wasu kuma sun ba da hayar gida na 'yan kwanaki, suka karɓi kuɗinsu. Haka lamarin yake a duk wani babban taro a wannan gari da ya karɓi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa ta farko a 1975. Gidajen kuwa akwai su, domin 'yan ci-ranin Adar da ke Abijan da Libiya da Nijeriya sun gina da yawa, galibi a kulle suke sai mai gadi.

Wannan haya sana'a ce ta halal. Amma mai otel yana biyan patanti, yana cika takardar 'yan sanda a kan duk wanda ya kwana a wurinsa, alhali maƙwabcinsa da ke karɓar kuɗin kwana ba ya cikin littafin kowa. A nan akwai rashin adalci, akwai kuma hatsari. Jahar da aka sace Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak a watan Oktoba na 2016, aka kuma kashe mutane fiye da 130 a yankin Tiliya a watan Maris na 2021, ba ta da hujjar ƙin sanin wanda ya kwana a cikinta.

Sai dai kada a ɗauko dokar wasu a ɗora wa Adar ba tare da an duba dalilinta ba. Faransa ta kafa harajin kwanan baƙi tun 1910 don garuruwan shaƙatawa su sami abin yi wa baƙi hidima. Birnin Paris ya wajabta lambar rajista, ya kuma ƙayyade kwanakin da mutum zai ba da hayar gidan da yake zaune a ciki. New York ta tsaurara tata dokar a 2023. Waɗannan birane sun yi haka ne saboda baƙi sun yi musu yawa, har kamfanoni irin su Airbnb sun sa ɗan gari ya rasa gidan haya. Matsalar Tawa akasin haka ce. Tun rikicin Cintabaradan na 1990, da tawayen da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na 2007 zuwa 2009, Turawan da ke bi ta nan zuwa Agadas da bikin lasar gishiri na Ingal suka yi ta raguwa. Baƙon yau yawanci ɗan ƙasa ne: ma'aikaci, ɗan kasuwa, mai zuwa biki, ko uban ɗalibin jami'ar da aka kafa a 2010. Wanda ya tsawwala wa irin wannan baƙo haraji, kansa ya cuta.

Saboda haka rajista ce ta kamata ta zo farko, kuma ta zama kyauta. Takarda guda a ofishin magajin gari, da Hausa da Tamashek da Faransanci, mai ɗauke da sunan mai gida, da unguwa, da yawan ɗakuna, ta isa. Tun da yawancin masu gidajen suna waje, a amince da wakilinsu, mata ce ko ƙane. Idan aka ce sai an kawo takardu goma da tambari biyar, babu mai zuwa, kuma an buɗe ƙofar cin hanci ke nan.

Na biyu, doka ta faɗi a fili cewa wanda ya sauki ɗan'uwa, ko malami, ko fatake, bai karɓi ko dala ba, babu ruwansa da wannan haraji. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka. Ranar da mai karɓar haraji ya fara leƙa zaure yana ƙidaya tabarmi, ranar jama'a za su juya wa dokar baya gaba ɗaya. Masu unguwanni sun san gidan haya, sun san gidan karamci. A yi aiki da su.

Na uku, harajin ya zama kaɗan, a kan kowane dare, baƙo ne zai biya, mai gida ya karɓa ya miƙa, kuma kowane biya da rasit. Kuɗin su zauna a asusun gari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: baƙon da ya biya yana da haƙƙin ya ga an kwashe shara, an haska tasha, an gyara hanyar tabkin Tabalak. A liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a ƙofar ofis duk shekara. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa a watan Afrilu na 2024, domin inda babu kansilan da zai yi tambaya, allon lissafi ne kaɗai idon talaka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada hukumomin Tawa su jira sai wani babban taro ya ƙarato sannan a aika ma'aikata gida-gida da littafin tara. A zauna yanzu da masu otel, da wakilan masu gidaje, da sarakunan gargajiya, a buɗe littafin rajista kafin a buɗe akwatin kuɗi.