Kafin Ɗanka Ya Ci Bashi Don Ya Zama Barista, Mu Zauna Mu Yi Lissafi

'Yan uwa na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce a kasuwar Maigatari, wani dattijo mai sayar da awaki ya riƙe ni ya ce, "Shugaba, yarona ya samu gurbin karatun lauya, an ce gwamnati na ba da bashi. In sa ya karɓa?" Na ce masa, "Baba, a ba ni kwana biyu." Amsar da na kai masa ce zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba.

Ni difloma gare ni, ban taɓa sa baƙar riga da farin gashin nan ba. Amma na yi zaman ɗaki ɗaya da waɗanda suka sa, na ga yadda abin yake.

Karatun lauya shekara 5 ne a jami'a, ko a Bayero ta Kano ko a Ahmadu Bello ta Zariya, wato idan babu yajin aiki, kuma mun ga yadda na 2022 ya ci wata 8. Bayan nan sai shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda reshenta mafi kusa da mu yake Bagauda. Sai hidimar ƙasa. Yaron da ya shiga yana ɗan 18, sai ya kai 25 ko 26 kafin ya fara neman albashin farko. Sa'ansa da ya kama harkar riɗi da zoɓo a wannan lokacin ya yi aure har da 'ya'ya biyu.

Shi bashin NELFUND, a yi masa adalci. Dokarsa ta 2024 ba ta ɗora ruwa a kai ba, don haka maganar riba ba ta taso ba. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba shi naira 20,000 a wata na kashewa. Ba a fara karɓa sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu ake cirewa. Ga ɗan talakan da da zai zauna a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ɗauko biro. Idan yaro ya karɓi 20,000 wata goma a shekara har shekara biyar, miliyan ɗaya ke nan. Mu ƙaddara kuɗin makaranta 100,000 a shekara, an ƙara rabin miliyan. Idan ya fito ya samu albashin 70,000, wato mafi ƙarancin albashi na ƙasa, za a riƙa cire 7,000 duk wata, kuma sai ya yi kusan shekara 18 yana biya. Idan Allah Ya sa ya samu 150,000, shekara 8 da 'yan watanni.

Wani zai ce, haba, lauya guda da albashin 70,000? Wallahi akwai abokina da ya gama, aka rantsar da shi, muka yi walima har da raba kalanda mai hotonsa. Ya shiga ofishin wani babban lauya a Kano, abin da ake miƙo masa a ƙarshen wata bai fi kuɗin A Daidaita Sahu da abincin rana ba. In ya yi magana a ce ai koyon aiki yake. Shekara uku ya yi a haka, yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Lauyoyin da kuke gani da manyan motoci akwai su, sai dai ku tambayi shekara nawa suka yi, kuma a wane gari. Kuɗin aikin yana Abuja da Legas, inda kamfanoni da bankuna da shari'o'in zaɓe suke. A nan gida, wanda ya fi buƙatar lauya shi ne wanda ba shi da abin biyansa.

Kuma a nan ne abin ya fi ci min rai. Lokacin rikicin gonakin Gagarawa da aka ware don noman rake, manoma nawa ne suka iya karanta takardar da aka miƙo musu? Ɗan kasuwar da aka riƙe wa kaya a kan iyakar Nijar, matar da aka danne wa gado, yaron da ke kwana a tsare saboda babu mai tsaya masa a beli, duk namu ne. Muna buƙatar lauyoyinmu, masu jin harshenmu, waɗanda suka san hanyar ƙauyukanmu. Amma wanda ya fito da bashin miliyan ɗaya da rabi a wuya ba zai dawo Sule Tankarkar ya yi aikin Allah-ya-saka ba.

Ga kuma Bagauda, inda da yawa ke maƙalewa. A ƙarshen 2023 aka ɗaga kuɗin makarantar daga 296,000 zuwa 476,000, ban da riga da gashi da littattafai da kwamfuta da kuɗin rantsarwa. Digiri a hannu, amma ba ka da ikon tsayawa gaban alƙali sai ka wuce nan.

Don haka abin da muke nema ga ɗan majalisarmu na tarayya, 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi huɗun nan shi ne su ɗauki nauyin wannan shekara ɗaya. Yaran ba su da yawa. Kuɗin da ake kashewa a taron siyasa guda, tsakanin rumfuna da man motoci da maroƙa, zai kai da damansu Bagauda. A sa sharaɗi a rubuce: wanda aka biya wa zai ba da wani lokaci yana tsaya wa marasa ƙarfi a kotunan yankin nan, da ɗan alawus daga ƙaramar hukuma. Mu da muka yi yawon neman ƙuri'a gida-gida muna da bakin faɗin haka, ko da na jam'iyyarmu ne ke kan kujerar.

Shi Baba mai awaki, na ce masa yaro ya karɓi kuɗin makaranta, na kashewa kuma a bar shi in gida zai iya, sannan tun yanzu a ware tunkiya biyu da sunan Bagauda. Ku kuma shugabannin matasa na mazaɓu, ku tattaro mana sunayen 'ya'yanmu da ke aji huɗu da aji biyar a fannin shari'a, da waɗanda suka gama suna zaune a gida saboda kuɗin Bagauda. Da wannan takarda za mu shiga ofisoshin.