Duhun Ƙauye Ma Dukiya Ne

A wannan fitowa mun kawo wata shawara wadda ba ta bukatar taki, ko rance, ko kuɗin shiga. Shawarar ita ce, daga kaka zuwa bazara kowace ƙungiyar gama kai ta keɓe dare ɗaya a wata, a taru a fili, manya da yara, waɗanda suka sani su nuna wa jama'a taurari da sunayensu da lokatansu. Mun san wani zai yi dariya ya ce malaman gona sun rasa abin yi. Bari dai a ji dalilinmu tukuna.

Abin da waɗansu ke biyan kuɗi su gani

A shekarar 2016 masana suka fitar da taswirar da ke nuna yadda hasken fitilu ya rufe sararin sama a duniya. Sun tarar mutum ɗaya cikin uku ba ya iya ganin farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama kamar hanyar shanu. Ƙasashen da mutanensu suka fi kowa samun sama mai tsabta kuwa su ne Chadi, da Afirka ta Tsakiya, da Madagaska. Wani bincike na 2023 ya nuna hasken yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. In aka ci gaba haka, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 sai 100 kaɗai zai gani.

Saboda haka a waɗansu ƙasashe an fara tsaron duhu kamar yadda ake tsaron gandun daji. A Namibiya akwai wani daji mai suna NamibRand wanda aka keɓe domin wannan a 2012. Baƙi suna zuwa daga Turai su kwana can, mai bayani yana nuna musu sama da madubin hangen nesa, su biya kuɗi mai yawa. Ba mu ce baƙi za su zo ƙauyukanmu da kuɗi ba, kada kowa ya sa rai da wannan. Tamu ribar dabam ce, kuma ta shafi gona da 'ya'yanmu.

Kalandar kakanninmu

Kafin a soma rataye kalanda a bango, manomi sama yake dubawa. Kaza da 'Ya'yanta takan fito gabas da almuru a watan Nuwamba, lokacin girbin dawa. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu sai ta ɓace a yamma, ba a sake ganinta sai cikin Yuni da asuba. Maƙwabtanmu malaman Musulmi suna da lissafin taurari 28, bakwai ga damina, bakwai ga kaka, bakwai ga ɗari, bakwai ga bazara. Kowane yana da kwana 13, ɗaya yana da 14, jimla 365. Wadda suke kira Surayya ita ce Kaza ɗin nan tamu. Kowace kabila a cikinmu kuma tana da nata sunayen a harshenta.

Tauraro ba ya kawo ruwa, ba ya kuma faɗin ko damina za ta yi kyau. Domin wannan sai mu saurari hasashen da hukumar yanayi ta NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara. Amma tauraro ba ya kuskuren kwana, kuma a nan amfaninsa yake. In tsoho ya ce a zamanin ƙuruciyarsa ana shuka gero sa'ad da Kaza take wuri kaza, to, in mun san tauraron mun san makon. Sai mu gwada da ranar da muke shuka yanzu, mu ga ko damina ta ja baya a garinmu, da kwana nawa. Wannan zai taimaki ƙungiya wajen zaɓen iri mai saurin nuna ko mai daɗewa. Babu ofishin da ya rubuta wannan labari domin ƙauyenku. Yana cikin kan tsofaffi, kuma kowace shekara muna binne waɗansunsu.

Ga kuma makaranta kyauta domin yara. Yaro zai ji cewa Zara matar wata ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, wata duniya ce da ke kewaya rana kamar tamu. Zai ji cewa hasken rana yana yin minti 8 kafin ya iso mu, na Kaza kuwa fiye da shekara 400. Zai koyi gane arewa da dare, gama akwai tauraro ɗaya da ba ya barin wurinsa, yana bisa ƙasa kamar tsawon dunƙulen hannu in an miƙe shi. A watan Afrilu da Mayu kuma zai ga taurari huɗu masu siffar gicciye can ƙasa wajen kudu, waɗanda mutumin Ingila ba ya ganinsu daga ƙasarsa ko kaɗan. Wa ya san ko cikin yaran nan akwai malamin kimiyya na gobe?

Tambayoyi biyu

Waɗansu dattawan ikilisiya za su ce, "Wannan ba hanyar duba ba ce?" Tambayar tana da kyau. Mai duba yana cewa tauraro ne ke riƙe da sa'ar mutum, da aurensa, da mutuwarsa, yana kuma karɓar kuɗi a kan haka. Mu ba ruwanmu da wannan, kada kuma a ba shi wuri a taronmu. Sanin suna da lokacin fitowar tauraro daidai yake da sanin lokacin da gawo ke kaɗe ganye. Littafin Ayuba da na Amos ma sun ambaci Kaza da 'Ya'yanta da sunanta, a matsayin aikin hannun Mahalicci.

Waɗansu kuma za su ce, "Mun daɗe muna roƙon wuta, yanzu ku ce mu so duhu?" A'a. Muna son fitila a asibiti, da wurin haihuwa, da teburin ɗan makaranta, da bakin rijiya. Fitilu masu aiki da hasken rana alheri ne, mu ma muna ƙarfafa a saye su. Abin da muke roƙo kaɗan ne. In za a kafa fitila a waje, a sa mata hula domin haskenta ya sauka ƙasa inda ake bukatarsa. Hasken da ya tafi sama asarar batir ne kawai. A kuma bar fili ɗaya a gefen gari ba fitila. Yanzu ne lokacin yin wannan shawara, tun ba a kafa sandunan ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda za a shirya

1. A zaɓi daren da babu farin wata, wato kwanakin ƙarshen wata. Oktoba da Nuwamba sun fi kyau, gama ruwa ya wanke sama, hazo kuma bai sauko ba.

2. A nemi fili kusa da gida, kamar masussuka ko filin makaranta. A share shi da rana saboda maciji da kunama. A sanar da mai unguwa. Inda babu kwanciyar hankali kada a fita bayan gari, farfajiyar majami'a ta isa.

3. A kashe tocila da waya. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuwa yana ɓata wannan nan take. In dole ne, a rufe bakin tocila da jan ƙyalle.

4. Masu ja-gora su zama biyu, tsoho ko tsohuwa da suka san sunaye, da malamin makaranta da zai ƙara bayani. Tsoho ya fara magana. Kada a manta da iyayenmu mata, su da makiyaya sun fi kowa ganin sama da asuba. In akwai maƙwabci Musulmi da ya san lissafin taurari, a gayyace shi da girmamawa.

5. A nuna abu uku ko huɗu kawai a dare ɗaya. A Disamba sai a fara da Kaza, da taurari uku da ke jere waɗanda ake kira Mafarauci da Kare da Zomo. Daren 13 da 14 ga Disamba kuma ana ganin taurari masu yawa suna gilmawa kamar ana wurga wuta. Tsakuwoyi ne ƙanana da ke ƙonewa a iska, ba alamar mutuwar kowa ba ce.

6. Magatakardan ƙungiya ya zo da littafi. Ya rubuta kowane suna a Hausa da harshen garin, da wanda ya faɗa, da aikin gonar da ake yi a lokacin.

Sa'a ɗaya ta isa, domin gobe akwai aiki. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da sunayen da ta tattara, mu kuwa za mu buga su a wannan shafi domin sauran su amfana. Ku sa maganar cikin taronku na wata mai zuwa, ku kuma je ku gai da tsohon da za ku roƙa ya ja gaba tun yana da ƙarfin fitowa. Allah ya ba mu amfani mai albarka.