Intanet Ya Sauka A Legas, Me Ya Hana Shi Isowa Ƙauye?

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa hutu gida, ya so duba sakamakon jarrabawa amma sai da ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ya san ciwon da nake magana a kai. Mun saba ɗora laifin a kan kamfanonin sadarwa. Sai dai masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A nawa ganin, babban kaso na laifin yana wuyan gwamnatocin jihohi.

Bari mu fara daga bakin teku. Manyan wayoyin intanet da ake shimfiɗowa ta ƙarƙashin ruwa sun daɗe da isowa Nijeriya: MainOne da Glo-1 a 2010, sannan Equiano na kamfanin Google a 2022, duk a Legas. Ke nan intanet ya iso ƙasar. Aikin da ya rage shi ne jan wayar fayiba daga can zuwa cikin ƙasa, kuma a nan ne mai zuba jari yake tsayawa ya yi lissafi.

Abin da yake fara dubawa shi ne kuɗin izinin haƙa gefen hanya don binne waya. An daɗe da amincewa a matakin ƙasa cewa a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka yi kunnen uwar shegu. Kafin 2020, Ekiti tana karɓar naira 4,500. A wannan farashi, kilomita 100 kaɗai zai ci naira miliyan 450, alhali ko cebur ɗaya ba a saka a ƙasa ba. A shekarar ce Ekiti ta sauko zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin baki ɗaya.

Gaskiya ne akwai wasu matsalolin. Yawancin ƙarafunan sabis da man dizal suke aiki saboda rashin tsayayyar wuta. Kayan aikin da dala ake sayo su, ga darajar naira ta faɗi warwas tun 2023. Masu gyaran titi suna yanke wayoyi, ɓarayi suna kwashe batura. Haka nan a 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Amma dala da dizal ba a hannun gwamna suke ba. Kuɗin haƙa kuwa, sa hannunsa kawai yake jira.

Wani zai ce jiha ma tana buƙatar kuɗin shiga. Haka ne. To amma kuɗin haƙa sau ɗaya ake karɓa, idan ma kamfanin ya zo. Idan ya juya ya koma Legas da Abuja, inda masu sayen data suka fi yawa, jihar ta yi biyu babu: ba haraji, ba waya.

Mu ɗaliban harshe ma muna da namu aikin. Kamfani yakan bi inda za a sayi hajarsa ne, manomi kuwa ba zai sayi data don karanta abin da ba ya fahimta ba. Duk bayanin noma ko kiwon lafiya da muka sa a intanet da Hausa, ƙarin dalili ne na jawo waya zuwa garinsa.

Saboda haka ina kira ga gwamnoninmu da su sassauta wannan kuɗi, mu kuma mu dage da rubutu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.