Filin Kimiyya: Yadda Ɗigon Jini Ke Komawa Lamba

A wannan mako za mu leƙa cikin na'urar gwajin suga, wadda da yawanmu mun saba ganinta a shagon kemis, ko a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko ma a ɗakin Kaka. A soki yatsa, a ɗiga jini a bakin tsinken gwaji, kafin a ƙirga goma lamba ta fito. To, wa ya ƙirga sugan? Amsar tana cikin darasin nan na aji biyu na babbar sakandare da muke haddacewa saboda jarrabawa, wato ridoks, inda wani sinadari ke sakin elektaron wani kuma ya karɓa.

Mu fara da abin da ake nema. Sugan da ke yawo a jini sunansa gulukos, kuma ba shi da yawa. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, amma gulukos ɗin da ke ciki duka bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Ku kwatanta abin da zai samu a ɗigo ɗaya. Ido ba zai gan shi ba, sikeli ba zai auna shi ba. Saboda haka masana suka bi ta wata hanya: su sa sugan ya haifar da lantarki, sai su auna lantarkin.

A bakin tsinken akwai ma'aikata uku. Na farko inzayim ne, wani furotin da ba ya kula kowa a cikin jini sai gulukos. Wanda aka fi sani sunansa gulukos oksides, kuma ana samo shi daga wata baƙar fumfuna, irin wadda ke fitowa a jikin albasa idan ta daɗe a ajiye. Da jini ya shigo, inzayim ɗin zai kama ƙwayar gulukos ya zare mata elektaron biyu. Na biyu ɗan dako ne, sinadarin da ke karɓar elektaron ɗin ya kai su gaba. Na uku siririn layi ne na gawayi ko zinare da aka shimfiɗa a kan tsinken, shi ke karɓar kayan ya miƙa wa na'ura. Gudun elektaron shi ne lantarki. Suga ya yi yawa, lantarki ya yi ƙarfi. Suga ya yi ƙasa, lantarki ya raunana. Aikin na'urar kawai ta auna wannan ɗan lantarki ta mayar da shi lamba.

Wannan dabara ba rana ɗaya aka same ta ba. Wani Ba'amurke mai suna Leland Clark, tare da abokin aikinsa Champ Lyons, su suka fito da shawarar haɗa inzayim da ma'aunin lantarki a 1962. Shi kuwa ɗan dakon, labarinsa ya girmi haka. A 1951 wasu masana biyu a Amurka, Kealy da Pauson, suna ƙoƙarin haɗa wani sinadari daban, sai suka samu wani gari ruwan lemo da ba su nema ba. Daga baya aka gano cewa ƙwayar ƙarfe ce guda ɗaya zaune tsakanin zobe biyu na kabon, kamar ƙosai a tsakiyar burodi. Aka sa masa suna ferosin. Binciken irin waɗannan sinadarai ya sa Wilkinson na Ingila da Fischer na Jamus suka samu kyautar Nobel a 1973. Sai da aka shekara fiye da 30 kafin masu bincike a Ingila, ciki har da na Jami'ar Oksfod, suka nuna cewa dangin ferosin sun iya dakon elektaron daga inzayim. A 1987 na'urar ExacTech, mai kama da biro, ta shiga kasuwa. Abin da aka haɗa a ɗakin gwaji ba tare da an san amfaninsa ba, shi ya koma abin da ke cikin aljihun mai ciwon suga.

Ba suga kaɗai ake kamawa ta haka ba. A 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, likitoci sun yi aiki da wata 'yar na'ura mai suna LeadCare II, wadda ita ma lantarki take aunawa ta faɗi yawan dalmar da ke jinin yaro cikin 'yan mintoci. Duk abin da ake aunawa a jini don a san halin da jiki ke ciki, masana na kiransa alamar jini.

Yanzu ga inda iliminmu zai yi wa gida amfani, domin wanda ya san yadda na'urar ke aiki ya san abin da ke ruɗa ta. Dutse garin dabino ne. Idan Baba ya ci dabino ko mangwaro bai wanke hannu ba, sugan da ke kan fata zai bi jinin, lamba ta haura alhali jikinsa ƙalau. A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe tukuna. Na biyu, inzayim furotin ne, zafi na lalata shi kamar yadda wuta ke sauya ƙwai. Yawancin tsinkayen ba a son su wuce zafin maki 30, mu kuwa a watan Afrilu mukan haura 40. Kada a bar su a mota ko a bakin taga, a rufe kwalbarsu nan take saboda laima, a kuma duba ranar ƙarewar wa'adinsu. Na uku, ƙarancin jini mai tsanani kan sa wasu na'urori su nuna fiye da abin da ke akwai, don haka mai sikila ko mai ciki su faɗa wa likita. Sannan allurar sukar yatsa ta mutum ɗaya ce. Yin tarayya a kanta na yaɗa ciwon hanta.

Lambobin fa? Ga wanda ya kwana bai ci komai ba, 70 zuwa 99 shi ne daidai. Idan gwajin asibiti ya nuna 126 ko fiye har sau biyu, ana ɗaukarsa ciwon suga ne. Ƙasa da 70 kuma haɗari ne na gaggawa, musamman in ana rawar jiki da gumi. Wasu takardun asibiti kan rubuta ƙananan lambobi kamar 7.0, saboda ma'auninsu daban ne. Raba babbar lamba da 18, za ta ba ku ƙaramar: 126 ÷ 18 = 7. Na'ura dai faɗakarwa take yi. Hukunci da canjin magani na likita ne, ba namu ba.

Galibin tsinkayen nan daga waje ake shigo da su, tsadarsu kan sa wasu marasa lafiya su daina gwaji. Samar da tsinke mai araha da zai jure zafin ƙasarmu aiki ne na masu ilimin sinadarai, kuma ba sai an tsallaka teku za a fara koyonsa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa duk suna koyar da kemistiri har matakin digiri. Hanyar zuwa can ta bi ta kan kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi na WAEC da NECO. Da sannu ake kai wa, domin gani ga wane ya ishi wane himma.

Ga aikin gida: na'urar Inna ta nuna 162. Nawa ke nan a ma'aunin ƙananan lambobi? Ku nuna wa malaminku na kemistiri amsarku, ku kuma roƙe shi ya kawo sabon tsinke aji ku duba layukan da ke jikinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.