Shari'ar Maryam Sanda: Alƙalan Bakin Kasuwa da Kujerar Rantsattsu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma a kan shari'ar Maryam Sanda ji ne ya kori gani. Tun daga watan Nuwamba na 2017 har zuwa ƙarshen 2025, da wuya a sami rumfa a kasuwar Lahadi ta Tawa, ko fadar shayi, ko ofishin gwamnati da ba a taɓa zaman wannan shari'a a cikinsa ba, alhali kuwa a Abuja aka yi abin, kuma masu yanke hukuncin nan ba su taɓa taka ƙofar kotun ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Adar. Ƙasa ce ta bida, wadda ƴaƴanta suka cika Sakkwato da Kano da Abuja da Legas, don haka duk labarin da ya tashi a can, kafin gari ya waye ya ƙetare Illela da Ƙonni, ya sauka Barmu da Afala da Takanamat ta rediyo da wayar hannu.

Ga abin da ya tabbata game da shari'ar. A watan Nuwamba na 2017 Bilyaminu Bello, wanda ya fito daga iyalin tsohon shugaban jam'iyyar PDP Haliru Bello, ya rasu sakamakon raunukan da ya samu a gidansa na Abuja. Aka tuhumi matarsa Maryam Sanda da daɓa masa wuƙa. Ita kuwa ta musanta, ta ce rigima ce ta haɗa su har ya faɗa kan fasasshiyar kwalbar shisha. Ba a kawo wa kotu wanda ya ga lokacin da aka soke shi ba, sai dai shaidu na abin da ya gudana kafin nan da bayansa, da kuma hujjar cewa ita ce ta ƙarshe da ke tare da shi yana raye. Ranar 27 ga Janairu 2020 mai shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Abuja ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da shi a watan Disamba na wannan shekara.

Sai ga shi a watan Oktoba na 2025 sunanta ya fito cikin mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa sassauci. Ƙasa ta ɗauki kuka, fadar shugaban ta ja da baya, ta maida afuwar ɗaurin shekara 12. Bayan haka, a watan Disamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Mahaifin mamacin ya fito fili ya ce ya yafe saboda jikokinsa biyu, wasu daga cikin dangi kuma suka ce atafau ba su yafe ba.

A majalisun Tawa an rabu gida biyu. Wasu suka ce rai bakin rai, kuma da ƴar talaka ce babu mai tunawa da ita a fadar shugaban ƙasa. Wasu suka ce tunda uban mamaci ya yafe, kuma addini ya ba magada ikon afuwa, me ya yi wa bare zafi? Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Sai dai akwai wani al'amari da gardamar ta tsallake, wanda kuma ya fi shafar ɗan Nijar: wane ne ya zauna ya ce ta aikata? Mutum ɗaya ne tak, alƙali. Haka tsarin Najeriya yake. A can an taɓa sa talakawa cikin yanke hukunci a Legas tun zamanin Ingilishi, amma aka soke tsarin a lokacin mulkin soja cikin shekarun 1970.

Nijar ta gaji wata hanya daban. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta 14 ga Agusta 1961 ta ɗora manyan laifuffuka, irin su kisan kai, a kan kotun da ake kira kotun asiz, inda alƙalai uku ke zama tare da wasu ƴan ƙasa da aka fitar da sunayensu ta hanyar ƙuri'a. Sunan da Faransanci ya ba su ma'anarsa rantsattsu, domin kuwa kafin su zauna sai sun yi rantsuwa cewa ba za su saurari ƙiyayya ko tsoro ko soyayya ba, kuma za su yi hukunci da abin da zuciyarsu ta natsu da shi bayan sun ji kowane ɓangare. Muryar kowane ɗayansu daidai take da ta alƙali. Asalin abin daga juyin juya halin Faransa ne, a 1791, lokacin da talakawan can suka ce ba su yarda a bar ran mutum a hannun alƙalan sarki su kaɗai ba.

Kotun asiz tana da aibinta. Ba kullum take zama ba, sai lokaci zuwa lokaci, ta yadda wanda ake tuhuma kan share shekaru a gidan kaso yana jiran rana. Shi ya sa a zamanin Shugaba Issoufou Mahamadou aka yi gyaran da ya miƙa aikinta ga sassan manyan laifuffuka na manyan kotuna, domin a rage jinkiri. Rage jinkiri alheri ne. To amma ya kamata a lura da inda iska ke kaɗawa a ƙasashen da ke da tsari irin na Nijar. Senigal ta cire rantsattsu daga kotunanta a 2008. Ita kanta Faransa ta rage yawansu daga tara zuwa shida a 2012, kana daga 1 ga Janairu 2023 ta baza wasu kotuna na alƙalai zalla domin laifuffukan da hukuncinsu ya kai ɗaurin shekara 15 zuwa 20. Hujjar a ko'ina ɗaya ce: rantsattsu suna cin lokaci, suna cin kuɗi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Me talaka ke kawowa kotu wanda alƙali ba shi da shi? Sanin gida. Kisan da ya faru tsakanin miji da mata, ko ɗa da uba, ko ƴan uba a kan gonar gado, ba ya fahimtuwa daga takarda kaɗai. Uwa ta Adar kan ce wa ɗanta “yau sai na kashe ka” saboda ya bar akuya ta shiga rumbu, kuma ba wanda zai waiwaya. Amma da zarar tafinta ya maida wannan magana Faransanci, aka rubuta ta cikin takardar jandarmomi, ta zama barazanar kisa, wadda ke iya nuna cewa an shirya abin tun da farko. A dokar hukunta laifuffuka ta Nijar kuwa, tsakanin kisan da aka shirya da wanda ba a shirya ba akwai nisa mai yawa, domin kisan da aka shirya, da kisan mahaifi, da kisa ta hanyar guba, hukuncinsu kisa ne, ko da yake ba a sake zartar da shi ba tun 1976. Alƙalin da aka turo daga Yamai ko Difa yana iya zama gwanin doka, amma bai san nauyin kalmar Adarci ko ta Tamajak ba, bai san abin da yaji ke nufi a wannan gida ba, ko abin da ke faruwa da matar da mijinta ya shekara uku a Abijan ba aike.

Su ma Faransawa sun ɗanɗani wannan. A 1954 kotun asiz ta garin Digne ta yanke wa wani tsohon manomi mai suna Gaston Dominici hukuncin kisa, bisa zargin kashe wani Bature ɗan Ingila da matarsa da ƴarsu a 1952. Ƴaƴansa na cikinsa ne suka fara nuna shi. Tsohon ya fi sabawa da harshen yankinsu a kan Faransancin kotu, kuma marubutan da suka bi shari'ar sun nuna cewa shi da alƙalan ba su fahimci juna sosai ba. Janar de Gaulle ya sake shi a 1960, kuma har yau ana gardama a kan ko shi ya aikata. Akwai rantsattsu a wannan kotu, amma hakan bai hana shakka ba. Ke nan zaman rantsattse ba ya wadatarwa idan harshen kotu ya bar wanda ake tuhuma a waje.

Mai hankali zai iya cewa: mutanen da suka rataye Maryam Sanda da baki tun kafin a kira shaida ta farko, su ne za a ba kujera? Tambayar tana da nauyi, domin hukuncin taro mugun abu ne. A Faransa, bayan an tsinci gawar yaro Grégory ɗan shekara huɗu a cikin kogi a watan Oktoba na 1984, jaridu da jama'a suka yi ta nuna yatsa cikin dangi, har uban yaron ya harbe ɗan'uwansa a 1985, uwar kuma aka tuhume ta, aka jefe ta da baƙaƙen maganganu, sai a 1993 kotu ta wanke ta sarai. A gida kuwa ba a manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 taro ya ɗauki hukunci a hannunsa, aka hallaka mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara.

Amma fa rantsattse ba taro ba ne, maganin taro ne. Alƙalin bakin kasuwa yana jin ɓangare ɗaya, yana magana kyauta, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Rantsattse dole ya zauna daga safe har yamma, ya ji mai gabatar da ƙara, ya ji lauya, ya dubi fuskar uwar mamaci, ya dubi fuskar wanda ake tuhuma, kana ya jefa ƙuri'ar da zai kwana da ita har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya yi wannan zama sau ɗaya ba ya komawa fada da bakin da ya zo da shi. Kuma idan hukunci ya fito, jama'a ba za su ce na manya ba ne ko na masu kuɗi, domin nasu na ciki. Rashin wannan yarda ne ya sa afuwar Abuja ta zama wuta.

A nan ne maganar ta iso kan ɗan kasuwa da ma'aikaci, domin irinsu ne akan nema idan ana tsara sunaye. Kowa ya san uzurin da ke zuwa baki idan takardar kotu ta iso, ko ta rantsattse ce ko ta shaida: kanti ba mai tsaro, kaya na kan hanya daga Kwatano, shugaban ofis bai ba da izini ba. Ƙarƙashin waɗannan kuma akwai babban dalilin da ba a faɗi, wato kunya da tsoro. Tawa gari ne da kowa ya san kowa, kuma wanda ake tuhuma ba ya rasa zama surukin abokin ciniki ko jikan liman. Wannan tsoro gaskiya ne, ba a raina shi ba. Sai dai wanda ya guje wa kujera saboda zumunci ya tuna cewa mamaci ma yana da zumunta, kuma ranar da nasa ɗan zai tsaya gaban kotu, zai so a sami mutanen kirki da suka yarda suka zauna.

Hukuma ma tana da nata nauyi. Na farko, duk lokacin da za a sake taɓa dokokin shari'a, kada a yarda a yi shari'ar rai babu ɗan ƙasa a zaune, komai hujjar sauri ko tsimin kuɗi. Na biyu, tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya dace a ga hakan a zauren kotu, a buɗe ƙofa ga dattijo da malama da makiyayi masu hankali waɗanda ba su yi lakkol ba, a kuma horar da tafintocin Tamajak da Fillanci. Na uku, a riƙa ɗauko rantsattsu daga wata gunduma idan shari'ar ta gida ce, mutumin Keita ya zauna a ta Abalak, na Buza a ta Bagaruwa, domin a sauke masu nauyin ido. Na huɗu, a biya su kuɗin zama a kan kari, a kuma hana shugaban ofis riƙe ma'aikacin da kotu ta kira. Na biyar, a yawaita mata, domin mafi yawan waɗannan masifu a cikin ɗaki suke faruwa, kuma mata sun fi kowa sanin abin da ɗaki ke ɓoyewa.

Ba laifi ba ne a tattauna shari'a a kasuwa, domin al'ummar da ba ta damu da jinin da aka zubar ba ta mutu. Laifin shi ne mutum ya zama zaki a gindin bishiya, kana ya zama kurege ranar da aka kira sunansa. Shari'ar Abuja ta shekara takwas tana ba Adarawa abin hira. Wadda za ta nemi fiye da hira tana iya fitowa daga unguwarsu. Allah ya tsare gidaje daga fitina, ya kuma ba wanda aka ɗora wa amana ƙarfin ɗaukarta.