Ku Daina Rubuta Mana "Jama'a Sun Zaɓa"

Duk labarin siyasar da aka turo zauren nan, maguɗinsa ɗaya ne: jakar kuɗi da 'yan daba. Wannan lalaci ne. Akwai maguɗin da ba a kashe masa ko sisi, kuma har yau ban ga wanda ya rubuta shi ba.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai. Mu ƙaddara wakilansu, adadinsu daidai, za su zaɓi aiki ɗaya. Ƙanƙara ta fi son hanya, sai asibiti, sai ruwa. Faskari asibiti, sai ruwa, sai hanya. Sabuwa ruwa, sai hanya, sai asibiti.

A kara hanya da asibiti, hanya ta ci da biyu. Asibiti da ruwa, asibiti ya ci. Hankali zai ce ai hanya ta fi ruwa ke nan. Ina! A kara su, ruwa ne zai ci, don Faskari da Sabuwa na bayansa. Bafaranshe Condorcet ya gano wannan zagayen tun 1785, Kenneth Arrow kuma ya nuna a 1951 cewa babu tsarin jera zaɓi da ya cika dukkan sharuɗɗan adalcin da ya gindaya.

To, wa ke yanke hukunci? Shugaban taro. In ruwa yake so, sai ya fara da hanya da asibiti, ya ajiye ruwa a ƙarshe. An ƙirga kowane hannu, kuma an yi wa zauren sakiyar da ba ruwa. Wakilin Ƙanƙara mai wayo kuwa zai ɗaga wa asibiti hannu tun farko, gudun kada ya tashi da na ukunsa. Gibbard da Satterthwaite sun tabbatar a 1973 da 1975 cewa muddin zaɓi ya kai uku, irin wannan ƙofa ba ta rufuwa, sai a mulkin mutum ɗaya.

Za ku ce adabi ba lissafi ba ne. Amma marubucin da bai gane wannan ba zai ji an ce "an yi maslaha" ya kwafa, ya zama ɗan amshin shatan mai tsara jeri. Kafin ku rubuta "jama'a sun zaɓa", ku tambayi wa ya jera, me aka fara, me aka hana shiga zaure.

Ina jiran martaninku.