Salsalar Gidanmu Amana Ce, Mu Rubuta Ta da Hannunmu

Duk ma'aikacin tarayya ya san ranar da ake neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaro an haife shi a Garki, ya yi firamare a Kubwa, ya gama sakandare a Gwarinpa, amma ranar neman gurbin jami'a ko aikin gwamnati sai a tura shi Malumfashi ko Gumel, garin da bai taɓa yin mako guda a cikinsa ba. A can mai unguwa zai tambaye shi: "Kai ɗan gidan wane ne?" Ya faɗi sunan uba, ya faɗi na kaka, daga nan sai ya sunkuyar da kai.

Laifin ba na yaron ba ne. Tun ranar 12 ga Disamba, 1991, da fadar gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, an haifi zuriya guda nesa da zauren gidan kakanninta. A da, tsofaffin mata ne ke riƙe da jerin wa ya haifi wa, maroƙa na tuna wa mutum asalinsa ranar biki, malamai kuma na rubuta ranakun haihuwa a gefen littattafansu. Gidajen sarauta sun yi dacen marubuta: tarihin tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi ne suka rubuta shi, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Gidan talaka kuwa, duk tsohuwar da aka kai makwancinta ta tafi da kundi guda.

Wannan asara ta wuce ta sha'awar tarihi. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san magada. Aure na iya ɓaci idan aka gano daga baya cewa ango da amarya sun sha nono ɗaya. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba.

Shawarata ita ce kowane gida ya buɗe kundin salsalarsa a intanet, da manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke da ikon duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Akwai Gramps, wadda aka fara a 2001, da webtrees, wadda ta fito a 2010. Ana ɗora webtrees a shafin da dangi suka mallaka, kowa ya shiga da kalmar sirrinsa: gwaggo a Zariya ta ba da sunayen kakanni, kawu a Maraɗi ya sa tsohon hoto, ɗa a Abuja ya haɗa su. Tana ɓoye bayanan masu rai daga idon baƙo, tana karɓar mata fiye da ɗaya da 'yan uba da ɗan riƙo, har ma tana da gurbin dangantakar shayarwa. Dukansu biyu suna aiki da tsarin GEDCOM, saboda haka iyali na iya kwashe kundinsu su koma wata manhajar duk ranar da suka ga dama.

Wani zai ce ai manyan kamfanonin ƙasashen waje sun fi sauƙin sha'ani. Gaskiya ne, sai dai kamfani haja ce, ana saye ana sayarwa. A 2020 Blackstone ya sayi Ancestry kan dala biliyan 4.7. Kamfanin 23andMe na Amurka, wanda masu kutse suka kai ga bayanan mutanensa kusan miliyan 6.9 a 2023, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Maris na 2025. Sunayen iyayenmu sun fi ƙarfin a bar su cikin kadarorin da ake gwanjo.

Akwai kuma fargaba ta cikin gida, wadda ta fi nauyi. Rubutacciyar salsala na iya zama makamin gori, a tono wa wani asali, a hana shi aure ko sarauta. Maganin wannan shi ne dattawan gida su tsara abin da za a rubuta da wanda zai gani, a nemi yardar duk mai rai kafin a sa shi, daidai da ruhin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu. Hukumar NITDA na iya ɗaukar nauyin masana su fassara waɗannan manhajoji zuwa ingantacciyar Hausa da sauran harsunanmu. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa na iya ɗora jerin takardun gundumomi a intanet, domin mai neman kakansa ya san fayil ɗin da zai tambaya.

Kafin gwamnati ta motsa, aikin farko namu ne. Idan kun je gida hutun Sallah, ku zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru, ku kunna na'urar naɗar murya ta waya, ku tambaye shi sunan kakarsa ta wajen uwa. Wataƙila shi kaɗai ya rage da ya sani.